Kare da Barewa a Unguwa Ɗaya: Wa Ke Korar Wa?

A watan Yunin 2010, a wata unguwa ta garin Cranbrook da ke lardin British Columbia a yammacin Kanada, wani mazaunin unguwar ya ɗauko kyamara don ya ɗauki abin sha'awa. Ɗan barewa ne sabuwar haihuwa, ƙafafunsa ko ƙwari ba su gama yi ba, ga shi a bakin titi kusa da motocin da aka ajiye. Wata kyanwa ta matso tana shinshina shi. Uwar tana tsaye a gefe, kunnuwa a miƙe, ba ta ce wa kyanwar kanzil ba.

Can sai ga wani kare ya ɓullo. Bai taɓa ɗan ba. Amma uwar tana yin ido biyu da shi ta yi kansa a guje, ta kayar da shi, ta shiga kirɓarsa da kofatan gaba. Karen yana kuka, mutane suna ihu, ita kuwa ko a jikinta. Sai da ta gaji don kanta ta ƙyale shi.

Karen ya sha da ƙyar. Faifan ya shiga YouTube, miliyoyin mutane suka kalla, majalisar garin kuma ta shiga taro kan abin da za a yi da bareyin da suka mayar da lambunan mutane gidansu. Kafin ƙarshen 2011 an kafa tarkuna an kashe kimanin 25 daga cikinsu, garin ya rabu biyu tsakanin masu cewa an yi daidai da masu cewa an yi zalunci.

A watan Nuwamban wannan shekarar ta 2011, a gandun Richmond da ke kudu maso yammacin Landan, aka ga kishiyar wannan. Wani yaro yana ɗaukar bidiyon garken bareyi suna kiwo, sai aka ji wani dattijo yana ƙwala wa karensa kira, yana ta maimaita sunansa, Fenton, da muryar wanda ya san abin ya fi ƙarfinsa. Baƙin kare ne irin Labrador. Ya tasa garken gaba, bareyin suka kwasa a guje suka tsallaka titin da motoci ke bi. Birtaniya ta yi makonni tana dariyar wannan faifan, har riguna aka buga da sunan karen. Ma'aikatan gandun ba su ga abin dariya ba, domin su suke kwasar gawa idan irin wannan gudun ya ƙare a gaban mota.

Tun daga lokacin, irin waɗannan faifan sun zama ruwan dare. Yau a ga barewa tana bin mace da karenta har ƙofar gida. Gobe a ga kare da ɗan barewa suna tsere a tsakar gida, an saka musu kiɗa mai daɗi an rubuta cewa aminan juna ne. Dabbar da aka san ta da gudu ta koma kora, wadda aka san ta da kora wani lokaci ta koma raino. Duk wannan yana da dalili, kuma kusan kowane dalili idan an bi shi yana komawa ne kan ɗan Adam.

Yadda daji ya shigo gari

Bareyin waɗannan ƙasashe ba irin na Sahel ba ne. Barewarmu da gada da gwanki ƙahonsu ɗaya ne tun daga ƙuruciya har mutuwa. Waɗancan kuwa, a mafi yawan irinsu namiji ne kaɗai ke da ƙaho, ƙaho mai rassa, kuma kowace shekara sai ya zube wani sabo ya fito. A duk faɗin Afirka iri ɗaya ne rak na wannan dangin ke zaune tun asali, a dazuzzukan tsaunukan Atlas na arewacin nahiyar.

A Amurka, wajajen shekarar 1900, farauta ba ji ba gani da sarar daji sun kusa ƙarar da barewa mai farar wutsiya. An ƙiyasta cewa abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba. Aka kafa dokokin farauta, aka riƙa ɗauko bareyi daga wata jiha ana sakewa a wata. Yau ana maganar kimanin miliyan 30. Kerkeci da damisar tsauni da ke rage su an riga an kawar da su daga mafi yawan gabashin ƙasar tun da daɗewa.

Sannan aka gina musu wurin zama ba tare da an yi niyya ba. Barewa ba ta son kurmin daji mai duhu; ta fi son bakin daji, inda itatuwa suka haɗu da fili. Unguwannin bayan gari da Amurkawa suka yi ta ginawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu haka suke sak: gida, fili mai ciyawa, 'yan itatuwa, furanni da ake ba ruwa kullum, kuma doka ta hana harbi kusa da gidaje. Ga abinci, ga ruwa, ba mafarauci. Wace dabba ce za ta ƙi?

A Birtaniya ma labarin bai bambanta sosai ba. Ana ƙiyasta bareyi kimanin miliyan 2, iri shida, biyu ne kawai 'yan asalin ƙasar, sauran shigo da su aka yi a lokuta daban-daban. Gandun Richmond kansa tsohon filin farautar sarki ne. Sarki Charles na Ɗaya ne ya zagaye shi da katanga a 1637, kuma har yau bareyi sama da 600 ke yawo a cikin eka 2,500 ɗin nan, ba shinge tsakaninsu da miliyoyin masu zuwa shan iska kowace shekara. A gandun Bushy da ke kusa akwai wasu kimanin 300.

A ɗaya ɓangaren karnuka ma ƙaruwa suka yi. Birtaniya tana da karnukan gida sama da miliyan 10, kuma lokacin kullen korona a 2020 gidaje masu ɗimbin yawa sun sayi kwikwiyo don rage kaɗaici. Da yawa daga cikin masu sayen ba su taɓa riƙe kare ba. Makarantun horar da karnuka a rufe suke. Wurin da ya rage a buɗe shi ne gandun shan iska, can kowa ya nufa da sabon karensa, aka kwance igiya.

Abin da uwar take gani

Mai kare idan ya dubi karensa, ɗan gida yake gani, wanda ke kwana a kan kujera, yara suna ja masa kunne bai taɓa cizon kowa ba. Barewa kuwa kerkeci take gani. Kuma ita ce ta fi gaskiya ta fuskar asali, domin daga kerkeci kare ya fito. Ƙirar jiki, wari, yadda yake sa hanci a ƙasa yana bin sawu, duk irin na dabbar da ta shafe dubban shekaru tana cin 'ya'yanta ne. Ba ta da hanyar sanin cewa wannan ya ƙoshi da abincin gwangwani.

Rikicin ya fi tsanani daga Mayu zuwa Yuli, lokacin haihuwa. A makonnin farko ɗan barewa ba ya iya tsere wa komai, don haka dabararsa ɗaya ce: ya lafe. Uwar takan kai shi cikin doguwar ciyawa ko ƙarƙashin wani ɗan kurmi, ya kwanta ya naɗe ƙafafu ya kwantar da kai. Ɗigo-ɗigon fari da ke bayansa yana sajewa da hasken rana da ke ratsa ganye, warin jikinsa kuma kaɗan ne ƙwarai. Ko an zo dab da shi ba ya motsi, har bugun zuciyarsa kan ragu. Uwar tana barinsa na sa'o'i, ba don sakaci ba, sai don kada warinta ya jawo masa maƙiyi. Takan dawo 'yan lokuta a yini ta shayar da shi ta sake janyewa. Amma ba ta yin nisa. Tana wani wuri tana kallo.

Ga mutumin da ke tafe da karensa, wannan yana nufin zai iya wucewa taku biyar daga ɗan barewa bai sani ba. Abin da kawai zai gani shi ne wata barewa ta fito ta tsaya masa a hanya. Tana buga ƙafar gaba a ƙasa. Tana huci ta hanci. Ta kwantar da kunnuwa baya, gashin bayanta ya tashi, ta fara takowa a hankali, ba ta ɗauke ido daga kan karen. Idan aka juya, sai ta biyo. Mutane da yawa sun ba da labarin yadda barewa ta raka su tafiya mai nisa, suna tsammanin so take a ba ta abinci, alhali fitar da su take daga inda ɗanta yake.

Idan ta yanke shawarar faɗa, ba ta da ƙaho, amma kofatanta na gaba masu kaifi ne. Takan miƙe a kan ƙafafun baya ta sauko da su da dukan nauyinta. Likitocin dabbobi a irin waɗannan garuruwa sun saba ganin karnuka da karyayyen haƙarƙari, yagaggiyar fata, wani lokaci da rauni a ciki da ba a gani sai daga baya. Ƙananan karnuka sukan mutu.

Wata masaniyar halayyar dabbobi a Jami'ar Winnipeg, Susan Lingle, ta shafe shekaru tana lura da bareyi a filayen kudancin Alberta, inda babban maƙiyinsu shi ne koyot, wani ɗan'uwan dila. Ta gano cewa iri biyun da ke wurin ba halinsu ɗaya ba. Mai farar wutsiya ta fi dogara da gudu. Mai manyan kunnuwa, wadda ake kwatanta kunnenta da na alfadari, tsayawa take ta yi faɗa, har matan kan taru su kori koyot, kuma sukan kai ɗauki ko da ɗan da ke kuka ba nasu ba ne. Wannan irin ne ya fi yawa a titunan Cranbrook da garuruwan da ke maƙwabtaka da shi, shi ya sa labaran kai wa karnuka hari suka fi fitowa daga can.

A wani bincike da ta wallafa da abokin aikinta Tobias Riede a 2014, sun ɓoye lasifika a daji suna sakin kukan jariran dabbobi daban-daban. Iyayen bareyi suka riƙa rugowa wajen kukan ɗan kyanwa, da na jemage, har da na jaririn ɗan Adam, muddin kaifin muryar ya yi kusa da na ɗan barewa. Wato uwar da ke cikin wannan hali kunnenta a buɗe yake ga duk wani kukan neman agaji, jikinta kuma a shirye yake.

Da kaka, daga Satumba zuwa Nuwamba, maza ne ke karɓar fagen. Lokacin barbara ne. Namijin jar barewa, ɗaya daga cikin irin da ke Birtaniya, kan kai kilo 200, wuyansa ya kumbura, ya daina cin abinci sosai, yana ruri yana tsare matansa dare da rana. A wannan hali ba ya bambance kishiya da kare da mai ɗaukar hoto. Hukumar gandayen sarauta ta Landan tana cewa a ba su tazarar mita 50 aƙalla, amma kowace shekara sai an ga wanda ya je dab da su da waya a hannu.

Akwai kuma wata 'yar ƙarama da ake kira muntjac, wadda aka kawo daga Sin aka ajiye a gandun Woburn, ta tsere ta bazu a kudancin Ingila. Girmanta bai fi na gada ba, tana haushi, tana shiga lambunan gidaje cikin dare. Namijin yana da fiƙoƙi biyu masu tsini a muƙamuƙin sama. Karen da ya rutsa ta a lungu yakan dawo gida da tsaga a wuya ko a ƙirji, mai shi ya rasa abin da ya yanke shi.

Gudun da ke kisa

Duk da haka, idan aka ƙirga gawarwaki, barewa ce ke kwana a ciki. Faifan barewa tana dukan kare ya fi jan hankali ne saboda ba a saba gani ba. Abin da ke faruwa kullum, ba kyamara, shi ne kare yana bin barewa.

Masu karnuka suna da magana ɗaya da jami'an gandu suka gaji da ji: ai wasa yake, ai ba zai taɓa kama ta ba. Gaskiya ne sau da yawa ba ya kamawa. Amma ba sai ya kama ba. Barewar da ta firgita takan afka wa shingen waya ta karya wuya, ko ta faɗa titi. Mai ciki takan yi ɓari. Uwa da ɗa sukan rabu, ɗan ya mutu da yunwa a inda ya lafe. Akwai kuma wata cuta da likitocin namun daji suka sani sarai: tsananin gudu da tsoro yana lalata tsokar dabbar, gubar da ta fito ta toshe ƙoda, barewar da aka ga ta tsira ta shige daji ta mutu bayan kwana ɗaya ko biyu. Mai karen yana gida yana ba da labarin yadda karensa ya sha gudu.

A jihohin arewacin Amurka da Kanada, ƙarshen hunturu ya fi muni. Barewa tana rayuwa ne da kitsen da ta tara tun kaka, tana tattalin kowane motsi. Idan saman dusar ƙanƙara ya daskare ya yi ɓawo, kare da faffaɗan tafinsa yakan bi ta kai a guje, ita kuwa siraran kofatanta suna huda ɓawon tana nutsewa. Karnukan gida biyu da aka bari suna yawo da dare sun isa su yi ɓarnar da mai su ba zai taɓa yarda su suka yi ba.

A watan Oktoban 2020 wani mai keke a Richmond ya ɗauki faifan wani jan kare yana yagar wata barewa a bakin titi, masu wucewa suna ƙoƙarin shiga tsakani. Ƙafarta ta karye, raunukan sun yi yawa, dole ma'aikatan gandun suka ƙarasa ta. A Janairun 2021 kotun majistare ta ci mai karen tarar kimanin fam 600. Ya amsa laifinsa, ya ce bai taɓa zaton karensa zai yi haka ba. Hukumar gandayen ta ce a watannin kullen an kai mata rahoton kora sau gommai, kuma bareyi da dama sun mutu. Daga nan ne dokar ɗaure kare da igiya daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Yuli ta zauna daram a Richmond da Bushy.

Wannan rigima ta girmi kowa. A Ingila ta zamanin da, barewar dajin sarki ta sarki ce, kuma talakan da ke zaune a yankin idan yana da babban kare sai an yanke wa karen farata uku na ƙafar gaba don kada ya iya kora. Yarjejeniyar Daji ta 1217 ta ambaci wannan, har da tarar sulai 3 ga wanda aka samu karensa ba a yi masa ba. Yau ba a yanke farce, amma a wasu wuraren hukuncin ya fi haka zafi. A jihar Minnesota doka ta ba jami'in kare namun daji damar harbe karen da ya gani yana bin barewa ta yadda zai halaka ta, a kowane lokaci. Daga 1 ga Janairu zuwa 14 ga Yuli ma, ko ba jami'i ba yana da wannan damar a inda aka halatta harbi.

Mafarautan ƙasar Hausa da ke fita da karnuka da rani ba za su yi mamakin komai a nan ba. Sun san kare ko ya ƙoshi, idan abu ya zabura a gabansa sai ya bi. Bature mai kare a kan kujera ne ya manta.

To, ina batun abota?

Tana faruwa, ba ƙarya ba ce. Mafi shahara ita ce ta Kate da Pippin a tsibirin Vancouver. A 2008 wata mai ɗaukar hoto, Isobel Springett, ta ji kukan 'yar barewa kwana da kwanaki a kusa da gidanta, uwar ba ta dawo ba. Ta ɗauko ta ta ajiye kusa da karyarta Kate, wata ƙatuwa irin Great Dane wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Karyar ta karɓe ta. 'Yar barewar, da aka sa wa suna Pippin, ta girma ta koma daji, ta haifi nata 'ya'yan, amma ta ci gaba da zuwa tana gogar wuya da karyar suna zagaye fili. An yi littafin yara da hotunansu a 2012.

Abin lura a labarin shi ne 'ya'yan Pippin ba su gaji wannan abota ba. Nesa-nesa suke tsayawa. Abin da ya faru da uwarsu ya faru ne a 'yan kwanakin farko na rayuwa, lokacin da ɗan barewa ke ɗaukar duk wanda ya ba shi ɗumi da madara a matsayin nasa. Karnuka da yawa kuma, musamman waɗanda aka yi kiwonsu don tsaron garke, suna da halin lallaɓa ƙaramin abu mara ƙarfi. Haka nan matasan bareyi suna da wasa da son ganin ƙwaƙwaf, shi ya sa ake ganinsu suna tsere da kare ta bayan shinge, kowa a ɓangarensa.

Amma cibiyoyin kula da namun daji suna kallon waɗannan faifan da fargaba, kuma suna da hujja. Kowace bazara ana kawo musu 'ya'yan bareyi da mutanen kirki suka tsinta suna cewa marayu ne. Mafi yawansu ba marayu ba ne. Uwar tana nan kusa tana kallo aka ɗauke mata ɗa. Wanda kuma aka raina a gida tare da kare, ya tashi bai san tsoron kare ba, ranar da ya haɗu da karen da ba na gidansu ba ko da koyot, ba zai gudu da wuri ba. Idan namiji ne abin ya fi haɗari: ya girma ba ya shakkar mutum, kaka ta zo ƙaho ya yi ƙwari, ya soki wanda ya ba shi madara. A jihohin Amurka da yawa laifi ne ajiye barewar daji a gida, kuma idan jami'ai suka samu wadda ta saba da mutane fiye da kima, sau da yawa kashe ta suke yi. Faifan minti ɗaya ba ya nuna wannan ƙarshen.

Wani abin kuma, babbar barewar da ta tsaya kare yana shinshina ta ba ta motsa ba, ba lallai sabo ba ne. Tana iya zama mara lafiya. Cutar nan mai cinye ƙwaƙwalwar bareyi, wadda aka fara ganewa a Colorado a 1967 kuma yanzu ta bazu a jihohi da dama, ɗaya daga cikin alamunta ita ce dabbar ta rame, ta yi sororo, ta daina tsoro.

Baƙon da ke biyo kare gida

Ko ba a yi faɗa ba, ko ba a yi wasa ba, akwai abin da ke ratsawa tsakaninsu: kaska. Cutar Lyme ta samo sunanta ne daga wani gari a jihar Connecticut, inda a 1975 aka lura yara da yawa suna fama da kumburin gaɓoɓi. A farkon shekarun 1980 Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar cutar a cikin kaska. Barewa ba ita ke ɗauke da ƙwayar ba. Ɓeraye da wasu ƙananan dabbobi ne rumbunta. Aikin barewa shi ne ciyar da manyan kaska, a jikinta suke shan jini su haɗu, sannan su faɗi ƙasa su yi ƙwai, ita kuma ta yi ta yawo da su daga daji zuwa bayan gida.

Hukumomin lafiya na Amurka suna ƙiyasta cewa kusan mutum rabin miliyan ake yi wa maganin cutar kowace shekara. Karnuka ma suna kamuwa. Da yawa ba sa nuna alama, wasu kuwa sai zazzaɓi da ɗingishi, yau wannan ƙafa gobe waccan, a wasu lokuta har ta taɓa ƙoda. Kare ba ya shafa wa mutum cutar kai tsaye, amma yakan shigo da kaskar da ba ta riga ta kama ba a cikin gashinsa, ta sauka a kan gado. Akwai rigakafin karnuka da magungunan kashe kaska, kuma tun da kaskar takan ɗauki yini guda ko fiye a manne kafin ta zuba cutar, duba jikin kare bayan an dawo daga yawo yana hana da yawa.

Kowa da maganinsa

Garuruwa sun gwada hanyoyi iri-iri, kuma babu wadda ta wuce ba hayaniya. A Richmond ana rage garken sau biyu a shekara, a Nuwamba da Fabrairu, da dare bayan an rufe ƙofofi, a sayar da naman. Masu kare haƙƙin dabbobi suna zanga-zanga, hukumar kuma tana cewa fili mai katanga ba zai ɗauki fiye da abin da ciyawarsa za ta ciyar ba. A Staten Island na birnin New York an zaɓi yi wa mazan aikin hana haihuwa tun daga 2016, aka kashe miliyoyin daloli. Adadin ya ragu, amma a hankali. A Oak Bay na Kanada allurar hana ɗaukar ciki aka riƙa yi wa matan.

A Nara ta Japan, inda bareyi sama da 1,000 ke yawo tsakanin wuraren bauta da 'yan yawon buɗe ido, kuma ake ganinsu da tsarki, an daɗe da gano lokutan haɗari biyu aka yi musu tanadi. Da kaka ana yanke wa maza ƙaho, al'adar da ta haura shekara 300. Da bazara ana tattara masu ciki a killace su a wani shinge har su haihu 'ya'yan su yi ƙwari.

Masu karnuka su ma suna da ƙorafi, kuma ba duka ne na son kai ba. Wanda ke zaune a ƙaramin ɗaki a Landan yana cewa gandun ne kaɗai inda karensa zai miƙe ƙafa, wata uku a igiya kuma ba ƙaramin abu ba ne ga dabba mai kuzari. Na Cranbrook yana cewa shi a tsakar gidansa aka daki karensa, a bayan shingensa, to ina kuma zai kai shi? Wannan na biyun yana da gaskiya, kuma laifin sau da yawa na maƙwabcin da ke zuba wa bareyi masara ne don ya ji daɗin kallonsu ta taga. Garuruwa da yawa sun hana ciyar da su saboda haka. Na farkon kuwa hujjarsa ba ta kai ba. Wata uku na igiya ba ya kashe kare. Sakinsa a watan Yuni yana kashe ɗan barewa.

Shawarar da hukumar gandayen Landan ke bayarwa tana da wani sashe da ke ba mutane mamaki. Ta ce a riƙe igiya, a bi gefen fili, a kauce wa doguwar ciyawa, idan barewa ta fara biyowa a koma ta hanyar da aka fito. Amma idan ta riga ta taso da gudu, a saki igiyar. Karen take nema, ba mutumin ba, kuma kare a sake ya fi iya tsira. Wanda ya sunkuya ya rungume karensa, kofatan a bayansa za su sauka.

Wata dabara kuma ta fito daga Waterton, wani ɗan ƙauyen yawon buɗe ido a cikin gandun dajin ƙasa a kudancin Alberta. Bareyin wurin sun gano cewa cikin gari ya fi daji aminci wajen haihuwa, domin damisar tsauni da koyot ba sa son shiga tsakanin gidaje. Suka riƙa haihuwa a ƙarƙashin baranda suna korar duk mai tafe da kare. Daga 2011 hukumar gandun ta ɗauko wata mai horar da karnukan kiwon tumaki. Da asuba, a makonnin haihuwa, takan fito da karnukanta, su zagaye bareyin a hankali, ba cizo ba haushin banza, su tura su bayan gari kamar yadda suke tura garke. Rahoton hare-hare ya ragu sosai a shekarun da aka yi aikin. Garin Kimberley na British Columbia ya nemi izini na musamman ya gwada irinsa a 2013, domin dokar lardin ta hana sa kare ya bi barewa ko da da kyakkyawar niyya. Wahalar dabarar ita ce sai an maimaita kowace safiya, kowace shekara, kuma sai akwai dajin da za a tura su a kusa, abin da unguwannin bayan New York da Landan ba su da shi.